Jakin da ya tafi da matsarmama

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na sakandare a Isa, bayoloji ya kusa kashe min burina. Makarantar aikin jinya nake so, ba sa ɗauka sai da shi, ni kuma na faɗi gwaji. Mahaifina ya ce sau ɗaya za ni zauna jarrabawar, in ban ci ba a bar maganar.

Ni ba mai haƙuri ba ce. In na karanta shafi sau biyu bai shiga ba, sai in yi jifa da littafin. Wata safiya ya faɗa gaban kawuna, ɗan kasuwa da ke zuwa Bafarawa kan babur ranar kasuwa. Matan unguwa na tsaye suna ba shi saƙo: wannan kanwa, waccan zare, wata maganin ƙwari. Bai iya rubutu ba, kuma bai taɓa mance ko ɗaya ba.

Na ce, "Kawu, kai dai aljani gare ka."

Ya yi dariya. "Aljanin mi, uwar faɗa? Bisa hanya nika rataye su. Kanwa ga tsamiyar bakin gari, zare ga kwalbati. In na hau babur sai in bi ina tsinka."

Na ce wannan shirme ne. Washegari kuma na gwada a ɓoye.

Hanyar da abinci ke bi a jiki na fara shimfiɗawa kan hanyar makaranta. Ƙofar gidanmu ta zama baki. Lungun da ke bayan masallaci maƙogwaro. Injin niƙa tumbi, don dama aikinsu ɗaya. Doguwar hanyar da ke lanƙwasa cikin gonakin dawa ta zama hanji. Kowane wuri na rataye masa sunansa na Turanci da aikinsa. Kullum da safe ina tafe a hankali, raɓa na jiƙa min ƙafa, ina ji kamar garin ne ya haɗiye ni. Ƙawata ta ce na fara gaida bishiyoyi. Na ce ta kula da gabanta.

Kafin wata biyu zuciya na lilo a kan kuka, ƙoda biyu na zaune bakin rijiya.

Kuskure ɗaya na yi. Matsarmama na ɗora wa wani jaki da ake ɗaurewa kusa da injin niƙa. Yau yana nan, gobe an tafi da shi daji, ni kuma gaggawa ba ta bari in tsaya.

Ranar jarrabawa tambayar hanyar abinci ta fito. Na rufe ido, a raina na fita daga gida. Komai na inda na bar shi, ina tsinka ina rubutawa, har iskar damina nake ji. Da na iso wurin jakin, sai turke da igiya. Na tsaya nan cikin raina ina leƙe ko zai dawo, har mai tsaron jarrabawa ya ƙwanƙwasa min tebur ya ce ba ɗakin barci ba ne. Na bar gurbin fili na wuce.

Da na ba kawu labari, sai da ya kashe babur don dariya. "Ke ɗiyata, wa ka rataya saƙo ga abin da ke da ƙafa huɗu?"

Na ci, ba da wani babban maki ba, amma ya kai ni inda nake so.

Na dai gane kaina ba ya riƙe abu sai ya san inda ya aje shi. Yanzu in na je gida na bi hanyar nan, kayana na nan rataye, ba mai ganinsu sai ni. Matsarmama kuwa, duk da farin kayan jinya da nake sawa, har yau sai na ɗan tsaya kafin in tuna aikinta. Jakin bai maido ta ba.