Garwashi Mai Ɗinkin Littattafai

Garwashi yana da saurin hannu, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Ranar da ya je neman aiki a gidan buga littattafai, da bakinsa ya gaya wa manaja: "Ranka ya daɗe, ni fa ina da zuciya. In aka taɓa ni, duka nake yi. Amma na iya ɗinki." Manaja ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne. Wata bai ƙare ba ya fasa wa mai injin yanka takarda leɓe, don ya ture masa aikin da ya jera. Ba a kore shi ba, saboda duk gidan babu mai riƙe allura kamarsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a ɗakin baya, ga taga ɗaya, ga tukunyar gam, ga katakon matse littafi. Abokan aiki ne suka sa masa Garwashi, ya kuwa amsa sunan ba gardama.

'Yar'uwa ɗaya gare shi, wadda ta girme shi da shekara shida. Yaya yake ce mata, har unguwa ta ɗauka, yara da manya. Ubansu kafinta ne, mutum ne da in ransa ya ɓaci abin da ke hannunsa shi ne bulalarsa. Da uwarsu ta rasu, kawunsu malamin makaranta ya zo ya ɗauki yaron yana ɗan shekara uku, ya ce ba zai bari a lalata shi ba. Yarinyar aka bar ta, tunda dole wani ya dafa wa kafinta abinci. Ta sha duka shekara goma sha biyu. Shi kuwa a gidan Kawu ko tsawa ba a yi, littattafai ne a kan kanta, ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan da ake jinya.

Sai ga shi wadda ta tashi cikin duka ta fito shiru-shiru, ta yi aikin wankin zannuwan gado a wani asibiti har ta yi ritaya, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wanda aka ɗauke don a tsirar da shi, shi ya fito da hannun kafinta. Mutane suka ce ai magana ta ƙare, hali zanen dutse ne. Garwashi ya fi kowa yarda da haka.

Yana da ɗa ɗaya. Ranar da ɗan ya kawo masa abinci wurin aiki, yana ɗan shekara goma sha huɗu, gwiwar hannunsa ta bugi tukunyar gam ta kife a kan littattafai talatin da aka gama ɗinkewa. Katakon matsewa na hannun Garwashi. Sau ɗaya ya kai wa yaron duka, a kunnen hagu. Kunnen bai ƙara ji ba. Matarsa ta kwashe kayanta da ɗanta a makon, ba ta dawo ba. Ɗan ya girma ya zama makanike, ya yi aure, ya haifi 'ya mace, bai taɓa taka ƙofar ubansa ba.

Bayan wannan ne Garwashi ya fara rubutu. Injin yanka yakan bar guntayen takarda dogaye sirara, waɗanda ake zubarwa. Shi sai ya tsince su, ya ninke su ninki-ninki, kowane ninki shafi goma sha shida, ya ɗinke, ya riƙa rubutu a lokacin hutun rana. Littafin ya fito dogo siriri kamar takalmin mutum mai doguwar ƙafa. Yaya kaɗai yake karanta wa. Duk ranar da ba aiki takan zo ɗakinsa ta share, ta wanke masa kaya, ta zauna a bakin gado, shi kuma ya buɗe.

Labarin 'ya'yan sarkin wuta ne su biyu, mace da namiji, waɗanda aka haifa da garwashi a tafin hannu. Duk abin da suka riƙe cikin fushi sai ya kama. Mutanen ƙarƙashin kogi suka sace namijin yana jariri, suka rene shi a cikin ruwa don wutar ta mutu. Macen ta zauna a dutsen ubanta, ta koyi ɗumama marasa lafiya da hannunta. Da namijin ya cika shekara goma sha biyar ya fito neman yayarsa. Abu na farko da ya dafa shi ne kwalekwalen wani masunci da ya tsaya ya taimake shi. Kwalekwalen ya ƙone ƙurmus. Daga nan sai tafiya, garuruwa bakwai, kowanne ya bar shi da toka.

"To ya same ta?" in ji Yaya.

"Bai kai ba tukuna."

"Shekara ashirin yana tafiya. Ko kunkuru ne ai ya isa."

"Ke dai ki yi shararki."

Ƙarshen ne ya gagare shi. Mai ɗinkin littafi ya san zare ana iya warware shi, amma in gam ya kama bayan littafi, sai dai a yaga. Shi ya sa bai taɓa shafa wa nasa gam ba, bai yi masa bango ba. Yakan rubuta ninkin ƙarshe, ya ɗinke, bayan wata biyu ya sa reza ya yanke zaren ya cire. A wani ƙarshen yaron ya sare hannuwansa. A wani ya koma kogi ya nutse, ruwan ya tafasa kifaye suka mutu. A wani ya iso wurin yayar, ya rungume ta don murna, ta ƙone. Yaya ta ƙirga ƙarshe bakwai, babu ɗaya mai daɗi.

Yana da shekara sittin da takwas ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ya yi ɗinkin, ya yi dukan, ya kwanta a kan cinyarsa kamar tsumma. Yaya ta dawo ɗakin da zama. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita da gwiwoyinta ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Wata rana da hantsi matar ɗansa makanike ta zo a ɓoye gaishe shi. Tana zaune take ba da labarin 'yarta, mai shekara goma sha ɗaya, wadda aka koro daga makaranta don ta fasa wa wata goshi da kwanon abinci.

"Wallahi Baba, mun rasa yadda za mu yi. Ubanta ya ce jini ne. Kowa ya gan ta sai ya ce ga Garwashi ƙarama nan."

Da ta fita, ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, da bakinsa da ya karkace, "Kin ji ko? Ubanmu, ni, ga ta uku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke kaɗai Allah ya tsallakar."

Yaya tana matse tsumman da take goge masa jiki. Ta ajiye shi, ta miƙa masa hannuwanta a gaban idonsa. Yatsun duk sun kanannaɗe, gaɓoɓin sun kumbura.

"Duba nan. Ka ɗauka sabulu ne ya yi wannan?"

Ya dubi yatsun. Ta ci gaba.

"Shekara talatin ina murɗe zanin gado kamar wuyan tsohonmu nake murɗewa. Akwai ranar da na ɗauki wuƙa na tsaya a kansa yana barcin rana. Ina da shekara goma sha uku. Kai kana can ana karanta maka littafi. Wutar da ke hannunka tana nawa, wataƙila tawa ta fi."

"To me ya hana ki?"

"Ba abin da ya hana ni sai dai ba wanda ya kula da ni balle ya sa min suna. In na yi fushi, fushi ne kawai, gobe ya wuce. Kai fa? Sau biyu aka kai ni gidan Kawu. Na ga ka yi kuka don an ƙwace maka fensir, matarsa ta kalli Kawu ta ce, ga jinin nan ya motsa. Kana ɗan shekara huɗu. Ka manta?"

Bai manta ba. Kullum ne. In ya ɗaga murya, jinin kafinta. In ya rufe ƙofa da ƙarfi, jinin kafinta. Ba su taɓa dukansa ba, sai dai su kauda abin fashewa daga kusa da shi, su yi shiru suna kallonsa, suna jira.

"Mutanen koginka fa," ta ce, "kullum suna duba tafin hannun yaron su ga ko ta kama. Ba ka rubuta wannan ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun da can?"

"Da can ka bar mutum ya yi magana? Kuma ban ce ba ka da laifi ba. Kai ka ɗaga katakon nan, ba matar Kawu ba."

Ya yi kuka, da ido ɗaya, ɗayan ya ƙi. Yaya ba ta rarrashe shi ba. Ta ci gaba da goge masa baya. Abin da aka gane a shekara sittin da takwas ba ya dawo da kunne, ba ya dawo da mata. Ya gwada riƙe biro da hagu don ya gyara littafin, rubutun ya fito kamar tafiyar kyankyaso. Ya bari.

Da jikin ya yi tsanani Yaya ta tafi garejin makanike da ƙafarta. Ta ce masa ba yafiya ta zo nema ba, wannan tsakaninsa da ubansa ne, amma ya zo ya ji magana ɗaya. Ya zo bayan kwana uku da kayan aiki a jikinsa, duk baƙin mai. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, matarsa a bayansa, ya juya wa gadon kunnensa na hagu. Ko da gangan ne ko sabo ne, Yaya ba ta sani ba.

Garwashi ya sa ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin katifa. Tun kafin ciwon ya cire ƙarshe na bakwai, ya ɗinka sabon ninki, shafi goma sha shida fari fat. Ya yi magana, muryar ba ta kai ƙofa ba. Yaya ta tashi da ƙyar, ta zagaya ɓangaren dama na makanike, ta maimaita masa kalma bayan kalma.

"Ya ce littafin nan na yarinyar ne, kada a sa masa gam. Ya ce bai nemi ka yafe masa ba. Ya ce in ta yi laifi ku hukunta ta a kan laifin, ku kira ta da sunanta. Amma don Allah, kai da uwarta da 'yan unguwa, kada wanda ya ƙara ce mata ta yi kama da shi."