Ɓawon Lemun Kakanmu

Shekaranjiya ina fere wa autata lemu, ruwan ɓawon ya fesa mini a ido, sai ƙamshin ya kwashe ni ya mayar da ni ɗakin taron makarantarmu a Kafanchan. Kada ka yi mamaki. A gidanmu ɓawon lemu yana da daraja, kuma Gwaggo ce ta jawo masa.

Gwaggo ƙanwar babana ce, mawaƙiya a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, irin wasan da daga farkonsa har ƙarshe da waƙa ake yin sa. Malaman makaranta ne da nas-nas da ma'aikatan jirgin ƙasa suka haɗa ƙungiyar. In an gama girbi sai su loda ganguna da tulun kiɗa da zannuwan gado na labule a bayan mota, yau Samarun Kataf, gobe Zangon Kataf, wani lokaci har Gwantu. Ba su da lasifika, Gwaggo kuma ba ta buƙatarta. Ko jirgi na wucewa, na bencin baya yana jin kowace kalma tata.

Sai dai kullum ita ce muguwa a wasan. Sauran matan gudun wannan matsayi suke yi, ita kuwa da hannu biyu take karɓa. 'Yan kallonmu suna da al'adarsu: a bakin ƙofa ake sayen lemu, a sha, a ajiye ɓawon a cinya ana jiran mugun wasa. In ya fito ya ba mutane haushi sosai, sai ruwan ɓawo. Mugun da ya sauka ba a jefe shi ba, bai iya ba ke nan. Gwaggo takan dawo gida tana karkaɗe ɗankwali, bakinta har kunne.

Kakanmu bai ga abin dariya ba. Tsohon ma'aikacin jirgi ne, dattijo a coci, bai taɓa shiga gidan wasa ba. Wata rana a kasuwa ya ji wata mata tana nuna shi tana cewa ga uban muguwar nan. Ya dawo bai ko ajiye sandarsa ba ya kira Gwaggo, ya ce ta gama hawa katako ana jifanta kamar akuyar da ta shiga gonar mutane. Gwaggo ta durƙusa. Ta ce ba za ta ƙetare maganarsa ba, amma ya zo ya gani da idonsa washegarin Kirsimeti, in ya ce ta bari, ta bari har abada. Kowa a gidan ya san za ta cika alkawari, shi ya sa hankalina ya tashi. Kwanaki na yi ina kuka a ɓoye.

Ranar, ni na riƙe masa hannu, don ni ce amaryarsa ta wasa. La'asar ce, ɗakin ya cika maƙil, ga zafi. Ya sayi lemu don ƙishi kawai, ya fere da 'yar wuƙarsa, ɓawon ya fita dogo bai tsinke ba. Ya zauna ya haɗe rai.

Wasan na wata mata ne da ta ƙwace gonar cittar ɗan'uwanta bayan ya mutu, ta bar marayunsa hannu wofi. Gwaggo ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta fara waƙar a hankali, da murya mai daɗi, wai tausayin yaran take ji. Tulu ya ɗauka, ganga ta bi. Tana waƙa tana tuge itacen iyaka, tana matsar da shi gaba, yaran suna roƙo tana mayar musu da amshi cikin dariya. Ni da na san ita ce take yi mini kitso, sai da na ji na tsane ta. Ɓawo ya fara tashi ta ko'ina.

Na juya in ga fuskar Kaka, sai na gan shi tsaye. Na ce shi ke nan, zai sauko da ita. Sai ya ɗaga hannu ya wurga ɓawonsa da iyakar ƙarfinsa.

"Muguwa! Mayar musu da gonan ubansu!"

Ɓawon ya sauka a kafaɗarta ya rataye. Ta san muryar, don na ga idonta ya ƙifta, amma ko numfashi ba ta sauya ba. Ta kai waƙar ƙarshe da ɓawon a kafaɗa. Kaka ya zauna a hankali yana share ido da hularsa. Sai da na girma babana ya faɗa mini cewa haka ƙanin uban Kaka ya yi musu suna yara, abin da ya kore shi daga ƙauye zuwa aikin jirgi ke nan.

A gida Gwaggo ta durƙusa tana jiran hukunci. Sai Kaka ya ce, "Yaushe ne na Gwantu?" Ta ce Asabar. Ya ce a nemo mata zuma da citta, kada muryar ta dushe a hanya.

Ta yi shekaru masu yawa a kan katako bayan wannan, har gwiwa ta hana ta. Yanzu ƙungiyar ta watse, yara a waya suke kallon wasa, kowa shi kaɗai. In na je Kafanchan nakan kai mata lemu. Takan ce tana tausayin mugayen wasan yanzu, don ba wanda zai jefi wayarsa, ta yaya za su san sun iya? Har yau in tsofaffi suka gan mu a kasuwa suka ce ga muguwar nan, ni nake fara amsawa: ƙwarai, gwaggona ce.