Orvokki, Mai Silimar Garinmu

Kullum da hantsi, ko ƙanƙara ta kai gwiwa, Orvokki Kemppainen za ta buɗe silimar garinmu, ta ɗumama zauren, ta ɗora kofi, sannan ta hau sama ta duba injin haska fim. Ita ce mai tikiti, ita ce mai shara. Tun tana budurwa take abu ɗaya, ga shi kai ya yi fari fat.

Shekarar da aka rufe masana'antar takarda, maza suka rasa inda za su sa kansu sai mashaya. Orvokki ba ta shawarci kowa ba, ta fara haska fim da rana, kyauta. Irin finafinan nan namu ne: an kori mai kwasar shara, ya koma ɗaki ya zauna yana kallon bango, ba kuka ba dariya.

Tauno, tsohon mai walda, ya leƙo ya ga abin da ake nunawa.

"Haba Orvokki, wannan ai rayuwata ce. Sai na kalle ta sau biyu?"

"Nan akwai ɗumi. Zauna."

Ya zauna. Da aka tashi ya ce, "Gara ma ni. Shi ko kare ba shi da shi."

Washegari ya dawo da mutum huɗu. Matarsa Helmi har yau tana faɗa: ba don kujerar nan ba, da a teku za a tsamo mijinta.

Yanzu an sayar da ginin, wai wurin motsa jiki za a yi. Masu fim ɗin da suka zaga duniya suna karɓar kyaututtuka da labarin talaucinmu, ko ɗaya bai tako ba. Hukumar gari ta aiko wa Orvokki da fure. Ta shafa shi, ta ce, "Na roba ne. Zai daɗe."

Orvokki, ke ce rumfar waɗanda aka kora. Ba ki yi musu wa'azi ba, ba ki tambaye su yaushe za su sami aiki ba. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara.

An ce masana'antar katako ma ba za ta kai bazara ba. Ke kin yi naki. Saura mu: a cikinmu wa zai tashi ya ɗora daga inda kika tsaya?