Ɗalhatu Direban Tanka da Gwaji Na Biyu

Masahudu ne ya fara gaya mini akwai wannan gwajin. Mutumin Zangon Kumasi ne, mai tura marasa lafiya a keke a wani asibiti nan Doha. Rubuta sunansa da kyau, jikalle, ta bakinsa abin ya faro. Amma labarin na Ɗalhatu ne, mijin autata Haulatu.

Ɗalhatu direban tankar ruwa ne a Sanaiya, unguwar masana'antu. Tun asuba har la'asar yana kai ruwa wuraren gini, a irin motar nan marar hanci, wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar direba. Idan zafi ya shigo, kujerar nan kasko take zama. Dabarar direbobinsu, a ninka bargo huɗu a zauna a kai. Shi ya ƙara da tasa, wando biyu, ga sigari a baki don kada gyangyaɗi ya kama shi.

Shekara biyar da aure, suna ɗaki guda a unguwar da ake kira Matar Ƙadim, ciki uku ya zube wa Haulatu, duk bai kai wata uku ba. An taɓa gwada Ɗalhatu, aka ce maniyyinsa da yawa, yana motsi, lafiya lau. Khalas, sai laifi ya koma kan yarinya. Duk wanda ya taso daga Zariya sai mahaifiyar Ɗalhatu ta ba shi ƙullin sassaƙe, wai a kai wa Haulatu, mahaifarta ba ta riƙo. Tana sha tana amai. Har ta daina ɗaga waya idan dangin miji ne.

Da Masahudu ya faɗa mini maganar gwajin, na rasa yadda zan yi. Suruki ba ya buɗe baki da irin wannan magana ga mijin 'yarsa. Sai na ce wa Masahudu ya je wurin Ɗalhatu da kansa. Ya same shi a gareji yana wanke mota.

"Direba, wancan gwajin ƙirga ƙwayoyin maniyyin aka yi, ba a leƙa cikinsu ba."

"Kai mai tura keke, yaushe ka zama likita?"

"Mai tura keke yana da kunne, maigida. Kowane ɗaya yana ɗauke da zaren gado a cikinsa, DNA suke ce masa. Zaren yakan tsintsinke, shi kuwa yana ta iyonsa. Tankarka ba ta taɓa isa da wuri ba, aka buɗe aka tarar ruwan ya ɓaci?"

Ɗalhatu ya watsa masa ruwan tiyo. Amma maganar ta zauna masa. Ranar da ya tarar da Haulatu tana toshe hanci tana haɗiyar wani jiƙon, ya karɓe kofin daga hannunta. Washegari ya nemi izini wurin aiki ya tafi asibiti.

Da sakamako ya fito, likita ya ce zaren da ya tsinke ya yi yawa, kuma hakan kan sa ciki ya shiga ya kasa zama. Ya tambaye shi sigari, ya tambaye shi aiki. Da ya ji labarin bargo da wando biyu sai ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce wurin nan sanyi yake so, kai kuma kullum dafa shi kake yi. Bai yi masa alkawarin komai ba. Ya ce a gyara, a dawo bayan wata uku, lokacin sababbi sun samu.

Abin da ya sa nake so a rubuta shi ne abin da ya yi daga nan. Zai iya ninke takardar ya yi shiru, ba mai sani. Sai ya hau bas har unguwar Ain Khaled inda nake gadi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, na zo da maganar da ba a kawo wa suruki. An duba Haulatu ba a ga komai ba. Ni aka gani."

Gumi yana ɗiga daga gemunsa, amma sai da ya kai ƙarshe. Ban taɓa ganin namiji kamarsa ba.

Ya bar tanka, ya koma jan bas ɗin ma'aikata mai inji a baya. Ya yar da sigari. Direbobi suna tsokanarsa, "Yalla, ango, ina bargon?" Shi kuwa ya ce su ma su tashi daga kan nasu. Gwajin da aka sake ya yi sauƙi. Shekara ta zagayo, Allah ya kawo Abdul-Aziz, ga shi can yana rarrafe.

Saura abu ɗaya. Hajiyarsa har yau cewa take sassaƙenta ne ya yi aiki. Ya gaya mata abin da likita ya gani ta waya, ta ce layin ba kyau, ba ta ji ba. Sai ya haɗa ƙullin ƙarshe da ba a kwance ba da takardar likita, ya ɗaure da zare, ya ce da hannunsa zai kai Zariya, ya wanke Haulatu gaban dangi. Sau biyu ana ɗaga masa hutu. Ƙullin yana nan kan wadirob, yana jiran jirgi.