Ƙwan Kazar Inna

Mura ce ta ɗauke mana Baba, shekarar da na shiga sakandare. Mura dai, wadda mutane ke cewa ba ciwo ba ce. Ta sauka masa a ƙirji ana tsakiyar cirar auduga, kafin a kai shi asibitin Malumfashi ya cika. Tun daga nan na ƙulla gaba da ita.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, farkon shekarun tamanin, na nace sai na yi bincike a kan kirfa, wadda Inna ke jefa mana a ruwan sirace. Abin da ke ba ta ƙamshi wani sinadari ne dangin aldihayid, ina so in ga ko yana hana ƙwayar cutar mura hayayyafa. Malamina ya yarda, amma da sharaɗi. A cikin ƙwai mai ɗan tsako ake rainon cutar, kajin gidan gona kuwa ba sa ganin zakara. In ban kawo ƙwai kafin ƙarshen wata ba, zai sauya mini aiki.

Na nufi garinmu Gozaki. A gidanmu ba a taɓa ƙwan kaza, na ƙyanƙyasa ne, na zabi ake ci. Duk da haka Inna ta bi maƙwabta ta haɗo mini kwando guda, ta jera cikin ƙaiƙayi. Na rungume shi a mota kamar jinjiri, kowane rami sai gabana ya faɗi.

Malamina ya haska ɗaya da fitila, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a tebur. Dafaffe! Duka dafaffu. Wa zai bar ɗiyarsa ta hau hanya da ɗanyen ƙwai? Ni ina kuka, shi yana neman gishiri.

Na koma gida a fusace. Inna ta bari na gama faɗana, sannan ta ce, "Ke ɗiyar nan, ai ba ki ce mani da rai kike son su ba. Wai me za a yi da su?"

"Ciwon da ya kashe Baba za a sa masu, Inna, a ga ko kirfa za ta ci ƙarfinsa."

Ta durƙusa bakin akurki, ta ɗauko baƙar kazarta da ke kwanci, da ƙwayayen da ɗuminsu, ta sa a kwando ta ɗaure bakinsa. Sai ta jawo mayafinta.

"Tashi mu tafi. Ni zan riƙe ta a mota, ke ba ki iya ba."