Kafireton da ya San Hanyar Maƙabarta

Ƙofar Wambai zuwa Wudil

Ana sallame asuba na tayar da tsohuwar motar marigayi Babanmu, wadda ta girmi rabin mutanen unguwarmu. Gaya na nufa, in ɗauko Inna Yagana, ƙanwar Baba, domin likita na jiranta a Kano kan ciwon ƙirji. Kafireton motar ya mutu tun makon jiya, sai Ɗanlami makanike ya ɗaura mata wani na kwance. Bakinsa bai zauna daidai ba, ya cike da roba. Ya ce, "Alhaji, ba nata ba ne, amma za su saba."

Kafin Wudil na lura da abu guda. Duk inda muka zo katangar maƙabarta, sai motar ta rage gudu da kanta, ta karkata dama. Na taka totur har ƙafata ta kusa leƙa kwalta, ko a jikinta.

Gaya

Inna ta cika ni da fura, ta shiga baya da carbinta. Ban gaya mata komai ba.

Hanyar dawowa

Rana tsaka, a wani ƙauye, motar ta yi tari ta mutu daidai ƙofar maƙabarta. Ba kowa a hanya, ko akuya. Sai ga wani dattijo ya fito da makulli, ya buɗe ƙyauren gaba ɗaya.

"Sannunku da haƙuri," in ji shi. "Namiji ne ko mace?"

"Baba, mota ce ta lalace!"

Ya kasa kunne wajen injin da ke huci. "Na san muryar nan. Shekaru tana kawo mana mutane."

Ya leƙa kujerar baya. Inna ta sauke gilashi a hankali.

"Malam, rufe ƙofarka. Asibiti za ni."

Ni da ko buhun gero ba na ɗagawa, na tura motar nan ni kaɗai sai da katangar ta ɓace, sannan ta tashi.

Gida

Da la'asar na ritsa Ɗanlami a garejinsa. Ya sosa ƙeya, ya ce daga tsohuwar motar ɗaukar gawa ya kwanto kafireton. A gabana ya cire.

Alhamdu lillahi, Inna ta ga likita washegari da safe, ya ce da sauƙi. A adaidaita sahu muka je, kuma sai da ta sa direban ya rantse injinsa bai taɓa auren kayan kwance ba.