Yadda Malam Idi Ya Zaɓa Mana Manhaja

A duk shekarun da na yi ina aiki da ƙungiyar manoma a ƙasar Tofa, akwai wata Talata da ba ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ni ce jami'ar tsare-tsare, wato mai lura da yadda aiki ke tafiya daga wannan tebur zuwa wancan.

Rabon iri ne ya dame mu. Manomi zai ba wakilin ƙauyensu sunansa, a kawo takarda ofis, a tantance, a sa hannu, sannan a ba shi irin gero ko gyaɗa daga sito. A baki abu ne mai sauƙi. Amma a daminar da ta gabata, sai da shukar maƙwabta ta kai idon sawu kafin wasu mutanenmu su karɓi nasu. Da aka zauna, kowa ya rantse ba a teburinsa takarda ta kwana ba. Ƙauyuka biyu suka aiko cewa in aka sake haka, za su fice.

Sai kwamiti ya ce in nemo manhajar zana tsarin aiki. Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce ta kwamfuta da ake zana aiki da ita mataki-mataki: akwati na nuna abin da ake yi da mai yin sa, kibiya na nuna inda takarda za ta nufa daga nan.

Na tace guda uku. Ta farko wani injiniya ne daga Kano ya kawo ta. Kyakkyawa ce, har tana iya hasashen inda layi zai taru, amma ba ta motsi sai da intanet. Ta biyu ba ta buƙatar intanet, sai dai alamominta sun yi yawa, ni kaina sai da littafi a gefe nake gane su. Ta uku ba ta da ado ko kaɗan, amma tana karɓar rubutun Hausa har da ƙ da ɗ, kuma tana ware wa kowane ma'aikaci layinsa.

Shugabanmu, Alhaji Sule, tun da ya ga ta injiniya a majigi ya gama yanke shawara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda. A zana rabon iri a kowacce, a buga a takarda, a nuna wa masu yin aikin."

Ya ce, "Malama Rabi, mai sito me ya sani game da kwamfuta?"

Na ce, "Bai san kwamfuta ba, Alhaji, amma ya san iri."

Ranar Talatar muka manna takardun uku a bangon ɗakin taro, aka kira Malam Idi mai sito, dattijon da ya riga mu duka shiga ƙungiyar. Ya dubi ta farko, ya ce ta yi kyau. Ya dubi ta biyu, ya wuce. A gaban ta uku ya tsaya, ya ga sunansa, ya ɗora yatsa yana bin kibiya yana karantawa a hankali. Can sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Nan ba haka ba ne. Takarda ba ta zuwa wurina daga ofis. Gidan Alhaji take komawa ya sake sa hannu. In ya tafi kasuwar Dawanau kuwa, sai ya dawo."

Ni na kawo shawarar, don haka ban jira ba. A take na buɗe kwamfuta, na ƙara akwatin, na karkatar da kibiyar, na juya allon kowa ya gani. Injiniya ma, da yake wurin, ya so ya gyara nasa zanen, sabis ɗin intanet ya ɗauke.

Alhaji Sule ya daɗe yana kallon sunansa da ya fito sau biyu a layi ɗaya. Sai ya yi dariya ya ce, "Ashe ni ne muke ta nema! Goge sa hannun nan na biyu, Malama. Wannan manhajar za mu ɗauka."

Injiniya, mutumin kirki, ya tuna mana cewa tamu ba za ta yi mana hasashe ba, kuma gaskiyarsa ne. Ya ma zauna ya taya ni gyara wasu kibiyoyi biyu kafin ya kama hanya.

A shekarar, buhun iri na ƙarshe ya bar sito tun hadari bai fara haɗuwa ba. Ruwan farko da ya sauka, washegari na bi hanyar ƙauyukan nan biyu a bayan babur, ko'ina mutane ne sunkuye suna shuka. Wata tsohuwa ta ɗago ta yi mini guɗa daga tsakiyar gona.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, za a kawo muku kayan aiki iri-iri, kowanne da mai yabonsa. Kada ku auna su da abin da suke iya yi a majigi. Ku miƙa wa mutumin da hannunsa ke cikin aikin, ku yi shiru. In ya iya nuna muku inda kuka yi kuskure, wannan ku ɗauka.